Gwarar Ƙaya a Dawanau

Da asuba, kafin 'yan dako su fara saɓa buhu,
Baba Tanimu maigadi ya kamo hannun rigata.
Ya ce, tsaya nan, Ɗanliti, ko tari kar ka yi,
dubi bakin shagon can inda gero ya zube jiya.

Na duba. Na ce, ai gwara ce, Baba,
irin mai kwana a ramin katangarmu a Kurna,
mai tokar kai, mai tsiwa, wadda ko tsintsiya ba ta tsoro.

Ya ja tsaki. Idonka na ɗan birni ne.
Waccan 'yar gida ce, ta san ƙamshin tukunya.
Dubi wancan na gaba da kyau:
kansa ruwan ɗorawa, haka ƙirji har ƙasan ciki,
gadon baya ja-ja kamar tulun da ya sha gashi,
ga zane biyu fari-fari a kan fiffike.
Namijin ke nan.
Macen tana gefensa, launin rairayi,
in ba ta motsa ba, sai ka taka ta.

Ya gyara zaman sandarsa, ya rage murya.
Ba ruwansu da bango, ƙaya suke so,
aduwa ko farar ƙaya, can arewa da Maigatari,
inda za ka yini kana tafe ba ka sami inuwa mai kauri ba.
Ruwan farko na sauka, bakin namiji ya koma baƙi wuluk,
sai ɗaukar tsinke, sheƙa kusa da sheƙa,
na taɓa ƙirga talatin a bishiya guda na gaji.
Ƙwai uku, wani sa'in huɗu.
'Ya'yan ba su iya tsaba ba tukuna,
sai 'yar fara da tsutsa ake dura musu.

Ranar da tabki ya tsage, ciyawa ta zubar da iri ta ƙare,
sai su taso gaba ɗaya, ba sallama,
su biyo hanyar da hatsi ya biyo.

Na ce, to yaushe za su koma?
Ya ce, da sun ji ƙamshin hadari.
Su ba sa mantuwa.

Ya yi shiru. Na san shekara talatin da ɗaya ke nan
da ya zo cin rani da tabarma ɗaya,
zai koma in an yi shuka.

Tirela ta danna hon a bakin layi,
garken ya tashi fir, rawaya ta watsu a kan kwano.
Baba Tanimu, da ake biya don ya tsare hatsin mutane,
ya waiga dama, ya waiga hagu,
ya zura hannu a ɓular buhu,
ya watsa musu cikin tafi guda.