Direban Aro

Ƙarfe ɗaya na dare a Busan,
iskar teku na ɗauke da ƙarnin kifi.
Waya ta yi ƙara: wani ya sha, ana neman direba.
Na hau ɗan kekena mai naɗewa, na bi gangare.

Na same shi a ƙofar gidan gashin nama,
kwat a kafaɗa, warin soju ya riga shi gaisuwa.
"Kofi biyu kacal," in ji shi,
"abokai ne suka kira ka, ni garau nake."
Ya damƙe makulli kamar gadon ubansa.
Ban ja da shi ba.
Wanda ya sha, lallaɓa shi ake,
kamar ƙwai a aljihu.
Na yaba motar, na tambayi sunan unguwa,
yatsunsa suka saki da kansu.

Kafin mu hau gada ya yi barci.
A madubi na hango kujerar jariri,
da takalmi ɗaya, rawaya, bai kai tafin hannuna ba.

Ni ma na taɓa cewa kofi biyu.
Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Asuba ce, ana yayyafi,
Tak Eun-ho na raba madara gida-gida.
Ban gan shi ba. Ƙara na ji,
sai farin ruwa yana malala a kwalta
yana neman magudana.

Bai mutu ba.
Yana gyaran agogo yanzu, bayan kasuwar kifi,
yana jan ƙafar hagu kamar ba tasa ba.
Alƙali ya yanke nasa, na gama biya.
Sauran bashin ba shi da ranar ƙarewa.
Nakan bi ta ƙofar shagon,
ban taɓa iya shiga ba.

Hawa na tara matar ta buɗe ƙofa,
ta karɓi miji, ta karɓi makulli,
ta ƙirga kuɗina ba ta ɗago ido ba.
Can ciki wani ɗan tari ya tashi, ya kwanta.

Na ciro kekena daga but, na warware.
Titi wayam, ko kyanwa babu.
A mararraba danja ta nuna ja.
Ba ɗan sanda, ba mai gani.
Na sauke ƙafa ƙasa.
Na jira.