Bayan Lisandro

Shekara tara ina zaune a bayanka,
na fi sanin ƙeyarka a kan fuskarka.
Tabon nan na kafaɗarka ta hagu,
inda ƙugiyar kifi ta kama ka kana yaro,
shi ne agogona:
ya sunkuya, in sunkuya,
ya miƙe, in ja.

Jirgi ɗaya ya ɗauko mu, Lisandro,
kuma ba karin magana nake yi ba.
Siriri, faɗinsa bai fi faranti ba,
filafili ɗaya gare ka, ɗaya gare ni.
Ka yi atishawa mai ƙarfi, mu kife.

Biyar na asuba a Tigre,
kogin Lujan kamar shayin da ya ji madara,
tururi na tashi a kansa.
Kullum kai ne a makare,
tumbuɗin jaririya a rigar atisaye.
"Malena ta ƙi barci,"
kana faɗa kana washe baki
kamar wanda aka yi wa albishir.

Ka tuna ranar da muka zo na biyu?
Tazarar ba ta kai kamu ɗaya ba.
Na yi jifa da hula, na zagi iska, na zagi alƙali.
Kai kuwa ka haye gaɓa da jiƙaƙƙen wando,
ka miƙa wa 'yarka lambar azurfa.
Haƙori biyu ne a bakinta,
ta gartsa mata cizo.
Ka ce, "Ka gani? Ta karɓa."

Da aka kira mu sansanin horo,
wata uku a ƙetare,
ka ce ta fara tsayuwa da bango,
ba ka son a ba ka labarin takunta na farko.
Sati biyu na yi ina gaba da kai.
Yau da zan samu sati biyun nan
da ko kwale-kwale ba za mu taɓa ba.

Ba ruwa ne ya ci ka ba.
Da shi ne, da na san wanda zan tsana.
Ranar Talata ce, a bayan gida,
kana shanya kayanta a igiya.
Zuciyar nan da likita ya ce ta ingarma ce
ta ajiye filafili ba sallama.
Talatin da ɗaya.
Ximena ta ce da ta fito
'yar safa ɗaya na cikin hannunka, ba ta bushe ba.

Aikin na baya shi ne waiwaye,
ya hango kututture kafin a yi karo.
Shekara tara ban bari mun bugi komai ba.
Wannan ban hango shi ba.

Sun haɗa ni da wani yaro, Bautista.
Yana da ladabi, ya ma fi ka ƙarfi.
Bayansa sumul, ba tabo,
ni kuwa sai lattin rabin bugu nake yi.
Koci na ihu daga gaɓa,
ban san yadda zan gaya masa ba.

Malena ta shiga biyar.
Ran Lahadi uwarta kan kawo ta bakin ruwa.
Ta tambaye ni, "Me ya sa kuke tafiya da baya?"
Na ce haka abin yake,
ba ma ganin inda za mu,
sai abin da muka baro.
Ba ta gamsu ba.
Ta buɗe tafina, tana latsa kanta ɗaya bayan ɗaya,
sannan ta ɗora shi a kumatunta
ta ce, "Na Baba ya fi kaushi."

Gaskiyarta.