Inda Zaren Ya Tsinke

A Garwa, gidanmu na bayan kasuwa,
kaset ɗaya tak muka mallaka.
Baba Maikano tela ya karɓo shi hannun Hamadjoda
a bakin kuɗin ɗinkin riga biyu da suka maƙale.
Kwalin ya sha hannu har hoton ya koɗe,
saura kumbo kamar tukunya a kife
da yarinya mai tabarau, tana ɗaga fitila.

Daren Juma'a, in wuta ba ta yi halinta ba,
a fito da talabijin tsakar gida,
a ɗora bisa turmi, a kori awaki.
Mutanen ciki Faransanci suke, da sauri kamar ana bin su bashi,
Baba na bisa kujerar keken ɗinki yana mayar mana Hausa.
Ya ce yarinyar Ladingo sunanta.
Ya ce tsohon kakanta ne, makaniken taurari,
sun tafi bayan wata ɗebo ruwa, rijiyar garinsu ta ƙafe.
Wa zai musa?

Can wajen tsakiya akwai tabo.
Hoto ya karkace, ya yi tari,
farin yayyafi ya rufe gilashin,
in ya washe, Ladingo ce kaɗai a kumbo.
Ina Kaka?
Baba ya ce: na'ura ce ta tauna zaren,
na liƙe da jan farcen uwarku.
Kaka kuwa ya sauka tashar wata sallar la'asar,
ya tarar da abokinsa mai shayi,
ya ce ta yi gaba, zai biyo ta baya.
Uwale ta ce, akwai shayi a wata?
Ya ce, da madara ma.
Shekara shida muna jiran tsohon nan ya gama shayi.

Bidiyon ta mutu a daminar da Binuwai ta shigo unguwa.
Baba ya bi ta bayan sallah biyu.

Sai faifai ya zo, biyu a leda, sefa ɗari biyar,
hoto na tsayawa kamar jaki a bakin gada.
Bayansa wani, mai kwalin azurfa,
an rubuta an wanke shi, an gyara, an ƙara abin da aka rage.
Gaskiya sun wanke.
Daren samansu ya yi baƙi ƙirin kamar bayan tukunya,
zaren da ke riƙe da kumbon, wanda muke gasar hangowa, sun goge shi.
Yarinyar ma ashe ba Ladingo ba ce.

Muka zauna ni da Uwale, kowa da furfurarsa guda-guda.
Wurin tabon ya zo, bai yi tari ba.
Minti huɗu.
Tsohon ya fita gyaran fiffike,
igiya ta gaza ɗaukar mutum da kumbo,
ya dubi jikarsa ta taga,
ya kwance ƙullin da hannunsa.
Ya yi ta ƙanƙancewa, ya yi ta ƙanƙancewa
har ya koma ƙwayar gero.

Uwale ba ta ce uffan ba.
Ta tashi ta buɗe adakar Inna,
ta ɗauko tsohon kaset, ta zura biro, ta yi ta murzawa
har jan farcen ya fito.
Duba, ta ce.
Na duba. Babu tauna, babu yamutsa.
Yanka ne miƙaƙƙe, a karkace kaɗan,
yadda yake yanka wuyan riga.

Yanzu fim ɗin yana cikin wayata, ba ya da nauyi ko na allura.
Jiya Tasi'u da ƙanwarsa sun kwanta min a kafaɗa muna kallo.
Tsohon ya ɗauki sufana, ya nufi ƙofa.
Ba ni da almakashi.
Babban yatsana yana bisa gilashin,
Tasi'u na cewa, Baba, matsa hannunka, ba ma gani.