Fulotin Enid

A Halifax, bayan layin dogo,
inda ruwan sama ba ya neman izini,
Enid Horsfall na da fili taku goma sha biyu:
albasa jere uku, kabeji, dankalin Turawa.
Ta nuna min shi da sandarta,
ta kira sunansa a gajarce: fulot.
Na yi dariya, na ce ai mun san shi,
fuloti muke cewa, mun ƙara masa wutsiya.

Da dare na tarar da ita a kicin,
shayi ya huce, takardu sun cinye tebur.
Shekara tara tana rubuta labarin wani likita
da aka tsinci gawarsa a rijiyar coci.
Ta ce, "Mutanena duk suna numfashi,
amma fulot ɗin ya ƙi tafiya."
Na ce, dama fili yana tafiya?
Ta cire tabarau, ta dube ni tsaf.
"Zaren labari nake nufi, yarinya,
yadda wannan ke haifar wancan,
ƙullin da mai karatu zai hana idonsa barci
sai ya ga an kwance."

Kalma ɗaya, kaya biyu.
Na ɗauka an gama yi wa jakin lodi.

Sai ga Oktoba.
Clem Utley, mai riƙe da makullin lambu,
da Maureen Binns, mai littafin masu jiran fili,
suka fara ƙus-ƙus a rumfar kayan aiki.
In Enid ta doso sai tari ya kama su,
wannan ya hau warware igiya,
waccan ta hau ƙirga tukwanen da ta ƙirga jiya.
Ta dawo gida tana jan gwiwa.
"Fulot suke ƙulla min," in ji ta.
"Sun ga ciyawa ta fi ƙarfina,
za su ƙwace su ba wani mai jini a jika."
Nan na ga kaya na uku:
maƙarƙashiya, gadar zare,
tuggun da ake kitsawa da murya ƙasa-ƙasa.

Daren nan alƙalaminta ya tsinke da gudu.
Ta ba mai kisan gashin bakin Clem,
ta ba abokiyar cin mushensa jar hular Maureen.
Shafi arba'in cikin mako biyu.
Haushi ya yi abin da shekara tara ta kasa.

Ran biyar ga Nuwamba,
daren da garin ke hura wuta
don tuna wani tsohon makirci da bai kai labari ba,
ta ɗauki tocila, ta ce in raka ta,
yau za ta kama su dumu-dumu.
Muka same su kuwa, su shida, da shebur da baro.
Sun nome ciyawar tas,
sun ɗaga mata ƙasar cikin akwatunan katako har ƙugu
don kada ta sake durƙusawa.
Clem ya daskare da guduma a hannu
kamar ɓarawon da asuba ta riska.

Enid ba ta yi godiya ba.
Ta shafa katakon, ta ce ƙusa ɗaya ta karkace.
Sai a hanya ta share hanci, ta ce,
"Sun ɓata min littafi.
Yanzu wa zan rataya wa kisan?"

Muka bi ta gefen maƙabarta,
tartsatsin wasan wuta na faɗowa bayan coci.
Ta tsaya a kan dutsen mijinta, Wilf,
ta haska ciyawar da ke damansa,
wuri daidai tsawon mutum.
"Wannan ma fulot ne. Na biya tuntuni."
Ta kashe tocila.
"Shi kaɗai na san ƙarshensa,
shi ya sa ba na gaggawar buɗe shi.
Riƙe min hannu, akwai taɓo.
Gobe da sassafe zan dasa tafarnuwa."