Gonar da Ba Ta Son Rana

Shekara talatin ina auna wa mutane taki a Tudun Hatsi,
ban taɓa shuka ko yakuwa ba.
Yau ga ni da furfura a tsohon ɗakin kaji,
ina noman abin da ba shi da ganye, ba shi da fure.

Irin a kwalba ya zo daga Dadin Kowa,
ɗan Bappa Manu ya kawo cikin jakar makaranta.
Na ɗebo garin katako wajen masu zarto,
na cuɗa da dusa, na yayyafa ruwa,
na matsa a tafi: kar ya ɗiga, kar ya bushe.
Na turara a durom kamar mai dambun suna,
har Dudu ta fito daga madafi, ludayi a hannu:
"Malam Yerima, su wa ka gayyato cin katako?"

Leda ashirin na jera a duhu.
Bakwai suka yi kore, suka yi wari, na kai bola.
Laifina ne, da hannun goro na taɓa su.
Sauran na kewaye da jiƙaƙƙen buhu,
don zafin Gombe ba ya ɗaga wa baƙo ƙafa.

Manomi gabas yake duba ko hadari ya haɗo,
ni leda nake duba.
In na dawo sallar asuba, buta da tocila,
in yayyafa, in tsuguna, in saurara.
Mako uku shiru,
sai wani farin zare da ke cin leda a ɓoye,
yadda shekaru suka ci gemuna ban sani ba.

Dudu ta ce, "Laimar kwaɗi ce,
ba a tukunyata ba."

Daren Laraba na kwanta ba komai.
Alhamis na buɗe ƙofa,
ga su, sun leƙo ta tsagar reza,
farare, masu taushi, kunnuwan jarirai,
suna sauraron numfashina.
Na ce Masha Allahu a hankali, kar su firgita.

Kwano ɗaya tak na tsinka.
Na soya da kaina, albasa, attarugu, man gyaɗa,
na ajiye bakin tabarma, na tafi la'asar.

Na dawo, kwano a wanke, a kife.
Dudu tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.
Can ta ce,
"Leda nawa ka ce sun rage?"