Kashi na Bakwai

Shekara uku ina jiran kashi na bakwai.
Na fasa asusun gwangwanin madara,
na ƙirga, na sake ƙirgawa:
ladan gyaran firji huɗu da fanka ɗaya,
duk don kujera guda mai kishingiɗa
a ɗakin sama, inda sanyi ma da kuɗinsa.

Bitrus ya taso daga Sabon Tasha,
ni na gangaro daga Kawo.
Kogi ya raba mana gidaje
tun shekarar nan da ba ma son ambato,
amma kashi na ɗaya tare muka gan shi,
a faifan haya mai karce,
kan bencin shagon Barau a Kakuri,
janareta na tari, mu ko ƙiftawa ba ma yi.

Yau ga mu cikin darduma har idon sawu.
Yarinya mai jar hula ta miƙo tabarau,
Bitrus ya ɗora kan nasa na asibiti,
ya zama mai ido shida.
Gugguru kofi ɗaya, kuɗin mudun shinkafa.
Na saya. In za ka sha giya, ai sha ta dubu.

Fitilu suka ɗauke.
Jirgi ya keto duhu, ya bi ta saman kaina,
na sunkuya har hulata ta faɗi.
Rugugi ya shigo ta ƙarƙashin haƙarƙari,
kujera ta girgiza, ta karkace, ta zabura.
Bitrus ya raɗa mini: "Wannan muka biya wa kuɗi?
Napep ɗina kyauta yake yi min haka a hanyar Nasarawa."

Sai suka kashe Baba Tsatsa.
Mu muka laƙaba masa sunan,
mutum-mutumin ƙarfen nan mai ɗingishi da ido ɗaya,
makaniki irina, kashi shida yana ɗaure waya
ba wanda ya ce masa sannu.
Ya tokare ƙofa da kafaɗa har kowa ya fice.
Idon ya yi ja, ya yi toka-toka, ya mutu.
Daga baya wani ya ce, "Innalillahi!"
Daga gefe wata ta ce, "Yesu!"
Ni dai ruwan da kujera ke fesawa
shi ya jiƙa mini fuska. Haka na faɗa wa Bitrus.

A waje, gaban mai tsire, kotu ta zauna.
Wani saurayi mai hoton jirgin a ƙirjin riga
ya ce an ci amanarsu,
ya rantse ba shi ba kashi na takwas,
sannan ya tambaya yaushe zai fito.
Ladidi mai karatun injiniya ta ce duk zuƙi ne:
sarari ba iska, ƙara ba ta da abin hawa,
duk fashe-fashen nan shiru ya kamata mu ji.
"To shirun za a biya wa dubu goma sha biyu?"
in ji mai tsire, wanda bai taɓa taka ciki ba
amma ya haddace labarin kaf daga bakin masu fitowa.
Bitrus ya ce ƙarfe ba ya mutuwa, batir ne kawai.
Na ce sana'ata ce sanin abin da ke gyaruwa,
wannan ya ƙone har zuciya.
Muka yi ta musu har albasa ta ƙare a takarda.

A bakin gada muka rabu,
kogi baƙi ƙirin kamar allo kafin a fara.
Ya ce, "Wata shekara ukun kuma?"
Na ce, "In da rai."
Ya tada Napep, ya kashe, ya leƙo:
"Firjinmu ya daina sanyi. Ka zo gida ka duba."
Na san ƙarya yake.
Na ce, "Asabar."

Sai a Kawo na shafa aljihu,
ashe tabarau ɗin ya biyo ni.
Na saka, na ɗaga kai.
Taurarin Kaduna ba su matso ko taku ɗaya ba.
Suna can nesa, shiru,
yadda Ladidi ta faɗa.