Inuwar Farfela

A Kaunas, hawa na uku, sama da shagon mai burodi,
akwai ɗaki mai warin man agogo da tsohuwar takarda.
Nan Eimutis yake zama.
Shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo,
yanzu idonsa ya koma kan jiragen da suka daina tashi.

Na miƙa masa hoton cikin ambulan.
Bai taɓa shi da yatsa ba, hantsaki ya sa,
kamar mai cire ƙaya a ƙafar jinjiri.

Kakana ne, na ce, Steponas.
Ya ce, ni ban san mutane ba, Danguole,
jirgi na sani.

Hoton bai fi tafin hannu ba.
Saurayi ne cikin rigar makanikai, sifana a aljihu,
yana dariya, wushiryarsa a waje,
bayansa wani abu mai fiffike,
ƙasa fari fat da dusar ƙanƙara.
Gefen dama babu shi.
Kakata ce ta datse da almakashi
shekarar da baƙin sojoji suka shigo gari,
lokacin da tambari a wutsiyar jirgi
ya isa a buga maka ƙofa da tsakar dare.
Ta jefa wutsiyar a murhu,
ta ɓoye mijin cikin littafin addu'a.

Ba wutsiya, ba lamba, in ji Eimutis.
To, in an rufe ƙofa sai mu bi ta taga.
Ya jawo fitila, ya maƙala gilashi a ido.
Fiffike ɗaya ne, a sama yake kamar laima,
ga sandunan da suka tokare shi.
Dubi zaman tayar nan.
Wannan ba baƙo ba ne, a garin nan aka ƙera shi.
Sai dai wa da ƙane ne, kamar an tsaga kara:
farfelar wan hannu biyu,
ta ƙanen hannu uku.
Shi kuwa kakan naki, duk faɗin filin nan,
bai ga wurin tsayawa ba
sai daidai hancin jirgin.

Ya ja tsaki.
Shayi ya huce a kofi.
Ya zazzage kwalaye uku na katuna,
ya buga wa wani tsoho waya a Šiauliai,
suka yi ta musu kan bututun hayaƙi
har ɗayan ya kashe wayar.

Ni dai ina kallon takalman kakana.
Na ce, wannan dattin fa, kusa da diddigensa?
Ya ce, tabo ne, hoto ma yana tsufa.
Ya ɗan yi shiru.
Ya juya hoton, ya sake juyawa,
ya matso da fitila har na ji zafinta a kumatuna.

Ba tabo ba ne.
Rana ce ta yi ƙasa-ƙasa a wannan yini,
ta kwantar da inuwa a kan ƙanƙara,
abin da mutum ya tare, ita ta tona.
Ya ƙirga da bakin hantsaki,
leɓensa na rawa:
ɗaya,
biyu,
ga na uku nan ya leƙo ta bayan takalmi.

Ƙanen ne, ya ce. ANBO arba'in da ɗaya.
Ya faɗe shi a hankali
kamar mai kiran sunan yaron da ya daɗe da ɓata.

Na ce, ina jirgin ya ƙare?
Ya ce, wannan ba ya cikin hoton.
Ban gaya masa ba
cewa mai dariyar ma jirgi ne ya tafi da shi,
na ƙasa, mai taragon shanu, ya nufi gabas,
kuma har yau ba mu san tashar da ya sauka ba.

Kuɗi ya ƙi karɓa, kwafi kawai ya roƙa.
Ya ɗauko sabon kati, ya fiƙe fensir,
ya rubuta sunan jirgi, ya rubuta filin Aleksotas,
wurin shekara ya sa alamar tambaya.

Har na sa hannu a ƙofa
sai na ji muryarsa, bai ko ɗago kai ba:
Wa ma kika ce sunansa?